Kwanan Wata Ɗaya, Amsa Biyu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saɓanin Excel da Rumbun Bayanai

Duk wanda ya taɓa kwashe jerin ma'aikata ko na ɗalibai daga Excel ya zuba a rumbun bayanai (wato database, manhajar adana tarin bayanai), ko ya ɗebo rahoto daga rumbun ya buɗe a Excel, ya san wannan ciwon kai. Akanta yana riƙe da takarda, mai kula da rumbu yana riƙe da tasa, alƙaluma sun ƙi zama ɗaya, kowa kuma ya rantse nasa ne daidai. Sau da yawa babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Manhajojin biyu ne kowace take amsa tambaya daban, alhali mu muna zaton tambaya ɗaya muka yi musu. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan, da abin da nake amsawa.

Na zuba kwanan wata a rumbu, sai na ga lamba kamar 45292. Bayanan sun lalace ne?

Ba su lalace ba. A wurin Excel kwanan wata lamba ce da aka sa wa riga. Yana ƙirga kwanaki ne daga farkon shekarar 1900, inda 1 ga Janairu 1900 ta zama lamba 1. Idan aka yi ta ƙirgawa, 1 ga Janairu 2024 ita ce 45292. Lokaci kuma ɓangaren yini ne: 45292.5 ƙarfe sha biyu na rana ke nan, 45292.75 kuma ƙarfe shida na yamma. Abin da ya faru kawai shi ne rigar ta faɗi a hanya, lambar ta iso tsirara.

Na mayar da lambar kwanan wata a rumbun SQL Server, amma kowace rana ta ƙaru da kwana biyu. Daga ina biyun suka fito?

Daga wuri biyu, kowanne ya ba da kwana ɗaya.

Na farko: Excel ya kira 1 ga Janairu 1900 lamba 1, shi kuwa SQL Server ya kira ta sifili. Kwana ɗaya ya samu.

Na biyun ya fi ban dariya. A cikin Excel akwai ranar da ba a taɓa yi ba a duniya, wato 29 ga Fabrairu 1900, lamba 60. A ƙa'idar kalandar Miladiyya da aka gyara a 1582, shekarar da ta rabu da huɗu tana da kwana 366, amma ban da shekarun cikar ƙarni, sai wadda ta rabu da 400. Don haka 2000 tana da 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta da ita. Excel ya ƙirga ta duk da haka, SQL Server bai ƙirga ba. Shi ya sa 45292 take zama 3 ga Janairu 2024 a can.

Maganin shi ne ka daina ƙirgawa daga 1900, ka fara daga 30 ga Disamba 1899. Ga yadda ake rubuta umarnin a rumbuna iri uku. A SQL Server: `DATEADD(day, 45292, '18991230')`. A MySQL: `DATE_ADD('1899-12-30', INTERVAL 45292 DAY)`. A PostgreSQL: `DATE '1899-12-30' + 45292`. Wannan yana aiki ga kowace rana daga 1 ga Maris 1900 zuwa gaba. Access da LibreOffice Calc da Google Sheets dama can daga 30 ga Disamba 1899 suke farawa, shi ya sa lambobinsu suke dacewa da na Excel ba tare da wahala ba. Ka dai lura, DATEADD yana watsar da abin da ke bayan ɗigo, don haka idan lambar tana ɗauke da lokaci sai ka ƙara shi daban.

To me ya hana su gyara wannan kuskure?

Gadonsa suka yi. Lotus 1-2-3, manhajar lissafi irin Excel wadda ta fito a 1983 kuma ta mamaye ofisoshi kafin zuwan Excel, ita ce ta fara ɗaukar 1900 a haka. Microsoft ta kwaikwaye ta da gangan don fayilolin mutane su buɗe daidai. Yau idan aka cire ranar, kusan kowane kwanan wata da ke cikin kowane tsohon fayil zai matsa da kwana ɗaya. An ga barin ta ya fi sauƙi.

Wata illar da ke tafe da wannan tsari ita ce Excel bai san komai kafin 1900 ba. Mai binciken tarihi da ya rubuta wata rana ta 1804, rubutu zalla Excel zai ɗauke ta, ba zai yi lissafi da ita ba. Nau'in datetime na SQL Server, wato ma'ajin kwanan wata da lokaci, yana komawa har 1753, shekarar da ta biyo bayan sauya kalanda a Ingila, inda aka tsallake kwana sha ɗaya a Satumbar 1752.

Nawa bambancin ba kwana biyu ba ne, shekara huɗu ne da kwana ɗaya.

Fayil ɗinka yana kan tsarin 1904. Tsofaffin Excel na kwamfutar Mac daga 1 ga Janairu 1904 suke fara ƙirga, kuma fayil ɗin da aka haifa a can yana tafe da saitin ko'ina ya je. Tazarar tsarin biyu kwana 1462 ce. Ranar 1 ga Janairu 2024 a can 43830 ce, wadda idan aka karanta ta da tsarin 1900 za ta zama 31 ga Disamba 2019. Ka ƙara 1462 kafin ka zuba a rumbu. Kada ka je ka cire alamar saitin kawai, domin lambobin ba za su canja ba, ranakun da ake gani ne za su koma baya gaba ɗaya.

Excel ya ce ma'aikaci yana da shekara 59, rumbu ya ce 60. Wa za a bi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace haɗari, domin a nan ne lissafi yake taɓa abincin mutum. A aikin gwamnati a Najeriya galibi ana ritaya ne da cikar shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ɗauki wanda aka haifa 20 ga Nuwamba 1965, a duba shekarunsa ranar 5 ga Janairu 2025. DATEDIF na Excel, mai lissafa tazarar ranaku biyu, idan aka ba shi "Y" (shekara) zai ce 59, kuma gaskiyarsa, saura fiye da wata goma ya cika sittin. `DATEDIFF(year, ...)` na SQL Server zai ce 60.

Sunayen biyu harafi ɗaya ne ya raba su, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. DATEDIF yana tambayar shekara nawa suka cika. DATEDIFF na SQL Server, da ɗan'uwansa na Access, suna tambayar sau nawa aka tsallake iyakar shekara. Daga 31 ga Disamba 2023 zuwa 1 ga Janairu 2024 kwana ɗaya ne, amma shi zai ce maka shekara ɗaya, tunda an shiga sabuwa. Haka yake yi da wata: 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu wata guda ne a wurinsa. Ba ƙarya ya yi ba, ba abin da ka tambaya ya amsa ba ne.

Na taɓa zama a wani ofis ana cacar baki a kan jerin masu ritaya, domin rahoton rumbu ya fito da sunaye fiye da na Excel. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk waɗanda suka ƙaru mutane ne da ranar haihuwarsu ba ta zagayo ba tukuna a shekarar. Waɗanda takardunsu ke cewa 1 ga Janairu, kuma ka san suna da yawa a wurinmu saboda masu ƙiyasin ranar haihuwa, su ba su nuna bambanci ba ko kaɗan. Su ne ma suka rufe matsalar tsawon lokaci.

Gyaran a SQL Server shi ne ka ɗauki amsar DATEDIFF, ka ɗora ta a kan ranar haihuwa da DATEADD, idan ranar da ta fito ta wuce ranar da kake dubawa sai ka cire ɗaya. A MySQL ka yi amfani da `TIMESTAMPDIFF(YEAR, haihuwa, yau)`, a PostgreSQL kuma AGE, su biyun cikakkun shekaru suke ba ka. Raba kwanaki da 365.25 da wasu ke yi yana kusa da daidai, amma yakan zame da kwana ɗaya a daidai ranar zagayowar haihuwa, wato a ranar da aka fi bukatar sa.

Sai wanda aka haifa 29 ga Fabrairu. Dabarar DATEADD za ta cika masa shekara ranar 28 ga Fabrairu, DATEDIF kuwa sai 1 ga Maris. Wannan ba kwamfuta ce za ta yanke ba. Shugaban ma'aikata ne zai faɗi wadda ake bi, a rubuta, sannan a sa manhajojin biyu su bi.

Abu ɗaya kuma: DATEDIF da "MD", mai ba da ragowar kwanaki bayan an cire watanni, Microsoft da kanta ta yi gargaɗi cewa yana iya ba da amsa marar kyau, har da lamba ƙasa da sifili. Ni na daina taɓa shi.

Hutun ma'aikaci daga Litinin zuwa Juma'a: wani ya ce huɗu, wani ya ce biyar.

Bahaushe ya riga ya raba wannan gardama da kalmomi biyu: kwana da yini. Jaririn da aka haifa ranar Litinin ake raɗa wa suna Litinin mai zuwa ya kwana bakwai, amma idan ka ƙirga yinin da ya gani har da ranar haihuwa da ta suna, takwas ne. Debe wannan rana daga waccan, a Excel ko a rumbu, kwana yake ba ka. Daga Litinin 3 ga Yuni 2024 zuwa Juma'a 7 ga Yuni, huɗu. NETWORKDAYS na Excel, mai lissafa ranakun aiki, yini yake ƙirgawa, da na farko da na ƙarshe, sai ya ce biyar. Kuɗin gadon asibiti ko na masauki da kwana ake yi, hutu da alawus na halartar taro da yini. Ka fara sanin wanne kake nema, sannan ka ƙara ɗaya ko ka bari.

Idan akwai lokaci a ciki, abin ya ƙara rikicewa. Mara lafiya da aka kwantar 11:50 na dare aka sallama 12:10, minti ashirin ke nan. Excel zai ce 0.0139 na yini, DATEDIFF na kwana zai ce 1, domin an tsallake tsakar dare.

Ka kuma kula da jerin shigarwa. SQL Server yana son ranar farko kafin ta ƙarshe, DATEDIFF na MySQL ta ƙarshe yake so a gaba. Idan ka juya su za ka samu lamba mai alamar debewa. DATEDIF na Excel shi ko amsa ba zai ba ka ba, #NUM! zai nuna maka.

Ranakun hutun gwamnati kuwa, babu manhajar da ta san ranar da Sallah za ta faɗo. Ka ajiye jadawalin hutu guda ɗaya a rumbu, Excel ya riƙa ɗebowa daga can. Masu aiki da ofisoshin da ƙarshen makonsu Juma'a da Asabar ne, kamar Sudan da Saudiyya, su yi amfani da NETWORKDAYS.INTL da lamba 7.

Na ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairu, na samu amsa iri-iri.

Domin babu 31 ga Fabrairu, dole kowace manhaja ta yi hukunci. EDATE na Excel da DATEADD na SQL Server suna tsayawa a ƙarshen wata, 29 ga Fabrairu 2024. Amma idan ka gina ranar da hannu, `DATE(2024,2,31)`, Excel zai malala zuwa 2 ga Maris, kuma rumbun SQLite ma haka yake yi idan ba ka ce masa komai ba. Rumbun Oracle yana da tasa ɗabi'ar: ADD_MONTHS idan ya ga ranar ƙarshen wata ce, ƙarshen wata zai kai ka. Daga 28 ga Fabrairu 2023 zai ba ka 31 ga Maris, EDATE kuwa 28 ga Maris.

Ga mai tsara jadawalin biyan haya ko na adashe: ka riƙa ƙirga kowane wata daga ranar asali, kada ka ɗora a kan amsar watan jiya. In ba haka ba, da zarar Fabrairu ta ja ranar zuwa 28, a nan za ta maƙale har ƙarshen shekara.

Lissafin kuɗi na banki da namu sun bambanta da 'yan kwanaki.

Ka tambaya ko da shekara mai kwana 360 ake aiki. Daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2023 kwana 364 ne na haƙiƙa. DAYS360 na Excel zai ce 360 a tsarin Amurka, 359 a tsarin Turai. Abin da yarjejeniya ta ce shi za a bi.

Wasu ranakun sun juye, wata ya koma rana, wasu kuma sun ƙi lissafuwa.

Wannan shi ne ɓarawon da ba ya fasa ƙofa. Mu muna rubuta rana kafin wata, 03/04/2024 tana nufin 3 ga Afrilu. Kwamfutoci da yawa da ke hannunmu suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba. Ka buɗe fayil ɗin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake kai bayanai da shi tsakanin manhajoji, a irin wannan kwamfuta, Excel zai karanta ranar a matsayin 4 ga Maris, ba tare da ya ce uffan ba. Ita kuwa 25/04/2024, tunda babu wata na 25, sai ya bar ta rubutu zalla. Sakamakon shi ne layi ɗaya mai iri biyu: ranakun da suka wuce 12 ga wata rubutu ne, waɗanda ba su wuce ba sun juye. A kowace shekara ranaku 132 ne ke iya juyewa haka.

Alamar gane shi: a layin kwanan wata, wasu sun jingina dama wasu hagu. `ISNUMBER` zai tabbatar maka. Idan ka gani, kada ka tsaya gyara da hannu, kuma kada ka adana fayil ɗin a kan na asali. Koma ga asalin, ka shigo da shi ta Power Query ko Text to Columns na Excel, ka faɗa masa rana ce a gaba.

Rigakafin shi ne duk lokacin da kwanan wata zai yi tafiya daga wata manhaja zuwa wata, a rubuta shi shekara, wata, rana: 2024-04-03, kamar yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tsara. Ko a nan akwai ɗan tarko. Tsohon nau'in datetime na SQL Server, idan harshen mai shiga na Ingila ne ko Faransanci, yana iya karanta wannan a matsayin shekara, rana, wata. Rubuta shi a haɗe, 20240403, ko ka koma nau'in date da datetime2 da suka zo a 2008. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram masu Excel na Faransanci su ma su lura: a can `"aaaa-mm-jj"` ake sawa a cikin TEXTE, kuma fomular da aka rubuta da "yyyy" a Kano ba za ta fitar da shekara a kwamfutarsu ba.

Wani dattijo ya fito a rumbu an haife shi a 2048.

An rubuta shekararsa da lamba biyu. Excel bisa al'ada yana kai 00 zuwa 29 ƙarni na yanzu, 30 zuwa 99 ƙarnin da ya wuce, sai dai idan saitin Windows ya ce wani abu daban. SQL Server yana yanka a 49, MySQL a 69. Don haka 48 tana iya zama 1948 a Excel, 2048 a SQL Server, 65 kuma sai a MySQL take zama 2065. Lamba huɗu kawai, ko da yaushe.

Jimlar cinikin wata a rumbu ta gaza ta Excel.

Abu biyu nake fara dubawa. Na farko BETWEEN, umarnin rumbu na zaɓo abin da ke tsakanin ranaku biyu. Idan ka ce daga 1 zuwa 31 ga Janairu, kuma bayanan suna da lokaci, rumbu zai tsaya ne a tsakar daren da 31 ta fara, cinikin yinin gaba ɗaya ya zube. Wasu sukan toshe da 23:59:59.999, sai datetime na SQL Server, wanda ba ya riƙe ƙasa da kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, ya tura shi 1 ga Fabrairu. Ka ce kawai: daga 1 ga Janairu, kuma ƙasa da 1 ga Fabrairu.

Na biyu agogo. Rumbuna da yawa, musamman na intanet, da agogon duniya na UTC suke adana lokaci. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, Gana tana daidai da shi, Sudan tana gaba da awa biyu. Kuɗin da aka tura ta POS a Kano 12:30 na daren da aka shiga 1 ga Fabrairu, a rumbu 11:30 ne na daren 31 ga Janairu. Excel ba shi da masaniyar yankin lokaci ko kaɗan, abin da aka ba shi yake nunawa. Ka juya lokacin zuwa na gida tun a rumbu, kafin ka tara jimlar yini ko ta wata.

Lamba mai tsawo kamar 1704067200 fa?

Daƙiƙoƙi ne daga 1 ga Janairu 1970, ƙirgar Unix. Raba da 86400 ka ƙara 25569, za ka samu 45292. Idan lambobin sha uku ne, fara rabawa da dubu. Amsar tana kan UTC.

Mutane da yawa sun fito da ranar 1 ga Janairu 1900.

Ba a cike musu komai ba ne. SQL Server yana mayar da rubutu fanko zuwa wannan rana. Sifili a Access 30 ga Disamba 1899 ne, a Unix 1 ga Janairu 1970, a Excel kuma wata rana mai suna 0 ga Janairu 1900. Ka mayar da akwatin da babu komai zuwa NULL, alamar "babu bayani" a rumbu, kafin zubawa, in ba haka ba za ka ga matsakaicin shekarun ɗalibanka ya haura na kakanninsu.

Lambar mako da ranar mako sun saɓa.

WEEKDAY na Excel yana ba Lahadi 1. WEEKDAY na MySQL yana ba Litinin sifili, PostgreSQL yana ba Lahadi sifili, SQL Server kuma ya dogara da saitin DATEFIRST, mai tsayar da ranar farkon mako. A lambar mako, 1 ga Janairu 2023 mako na 1 ce a WEEKNUM, amma mako na 52 na 2022 ce a tsarin ISO, inda makon farko shi ne mai ɗauke da Alhamis ɗin farko ta shekara. Masu rahoton mako-mako su haɗu a kan ISO: ISOWEEKNUM a Excel, iso_week a SQL Server, WEEK da lamba 3 a MySQL.

Kwanan watan Musulunci fa, za a iya dogara da abin da suka fitar?

Da sharaɗi. SQL Server yana juyawa zuwa Hijiriyya da salo na 130 da 131 na CONVERT, bisa wani lissafi da ake kira na Kuwait. Excel ma yana iya nunawa da Hijiriyya, har da kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya. Duk lissafi ne, ba ganin wata ba. A Najeriya kuwa sanarwar Sarkin Musulmi ce ke tsayar da farkon wata, kuma tana iya saɓa wa lissafin da kwana ɗaya ko biyu. Makarantar Islamiyya ko kotun da ke bukatar ranar da aka yi aiki da ita a gari, ta adana Miladiyya a matsayin asali, ta ajiye ƙaramin jadawali na ranar da kowane wata ya kama bisa sanarwa.

Ina da layi dubu ashirin da ba su dace ba. Ta ina zan fara?

Kada ka fara da karanta su. Jera amsar Excel da ta rumbu gefe da gefe, ka debe ɗaya daga ɗaya, ka duba irin bambancin da ke maimaituwa. Idan 2 ne a ko'ina, mafarin ƙirga ne. Idan 1462 ne, tsarin 1904. Idan 1 ne a kowane layi, kwana da yini. Idan 1 ne a layukan cikin dare kaɗai, agogo. Idan a shekaru ne kuma ga wasu mutane kawai, DATEDIFF. Idan bambancin ba shi da kai ba shi da gindi amma duk a ranakun 1 zuwa 12 ga wata yake, rana da wata ne suka juye.

Bayan ka gyara, ka gwada da ranakun da aka san su da tsokana kafin ka saki rahoto: 29 ga Fabrairu 2024, 31 ga Janairu, 31 ga Disamba da ƙarfe 11:30 na dare, 03/04 ta kowace shekara, 30 ga Disamba 2024 wadda ta faɗa makon farko na 2025, mutumin da gobe ne zai cika sittin, da akwati ɗaya da ka bari babu komai a ciki.